Ƙafar Kofur Mati

Na ji abin da kuka faɗa jiya a ƙofar masallaci, kada ku yi zaton ban ji ba. Ƙafafuna ne suka mutu, kunnuwana suna nan da ransu. Ɗayanku ya ce wai Baba Tanko ya more duniya, yana zaune a inuwa yana fere itace, abinci na zuwa har inda yake. Wani ya ce in noma ya ishe shi, shi ma sassaƙa zai koma, tunda aikin zaune ne. Madalla. Allah ya kawo ku lafiya, ga tabarma nan. Amma kafin ku jefar da fartanyoyinku, ku tsaya ku ji yadda ake samun wannan hutun da kuke kwaɗayi.

Turmi na fara koya, ba muciya ba. A garin Turawa ne, cikin ƙasar Karaye, wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Barau. Garin nake nufi, ba masu jajayen kunnuwa ba, ko da yake a lokacin su ke riƙe da ƙasa. Kawu Barau masassaƙin manyan kaya ne: turmi, taɓarya, ƙyauren ɗaki. Koyarwarsa ba ta da wuyar ganewa. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure unguwa duka ta ji. Ina saurayi kamarku, ƙarfi na damuna, ran nan muka shiga daji saran ƙirya. Kawu ya duba ya ce gabas za ta faɗi. Ni ma na duba na ce gabas. Ita ƙiryar ba wanda ya tambaye ta, sai ta zaɓi inda nake tsaye. Aka kira mai ɗori, ya ɗora abin da ya ɗoru, ya bar wa Allah sauran. Sauran ne ya fi yawa.

Na daɗe a kwance ana zuwa sannu. Da masu sannu suka gaji suka daina zuwa, sai ga Kawu ya shigo da guntun marke da gizago, ya jefo mini su a kan tabarma.

Ya ce, "Tanko, bishiyar nan har hannuwan ta danne?"

Na ce, "A'a, Kawu."

"To idon fa?"

"Yana nan."

"Ashe zaman me kake yi? Innarka na son muciya."

Muciya fa. Ni da nake ƙwaƙule turmi, aka mai da ni kan abin tuƙa tuwo. Na ce a raina wannan ai kafin azahar na gama. A nan na gano abin da ku ba ku sani ba. Ku lura da kowane masassaƙi in yana aiki, za ku ga da ƙafa yake riƙe itace. Yatsun ƙafarsa su danne, hannuwa biyu su yi sara. Ni kuwa nawa ƙafafun suna gabana a miƙe kamar na aro. Na riƙe marken da hagu na sara da dama, ya tsalle ya bar ni. Na ja jiki na ɗauko, na sake sara, ya sake tsalle, wannan karon ya tafi da fatar babban yatsana. Ga tabon nan, wanda ke son shaida ya matso. Muciyar da na gama bayan kwanaki, Inna ta karɓa ta yi godiya, ta sa ta tokare ƙofar akurkin kaji.

Daga baya muka yi dabara. Kawu ya binne mini kututture mai baki biyu a ƙasa, in cusa itace a tsakani, in ɗaure ɗaya gefen da igiya a ƙuguna, in jingina baya ya ɗame. Wato duk saran da na yi, a bayana yake sauka. Shekara da shekaru ke nan. Shi ne hutun.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Gatari na bar wa masu ƙafa. Nawa gizago ne, babba da ƙarami, da wuƙa miƙaƙƙiya, da wata lanƙwasasshiya ta ƙwaƙule ciki, da ƙarfen huji da ake sa wa a wuta, da dutsen wasa kaifi. Gizago in kana zaune fuskarsa kanka take kallo, ko da yaushe. Mai tsaye in ya kuskure, ya ja da baya. Ni in na kuskure, ina zan ja?

Akushin farko da na sayar, a kasuwar Rogo ne, bayan na yi aure na koma can da zama. Matata Dije ta ɗora ni a bayan jaka, macen jakin da nake hawa, ta ɗora kayan, muka tafi. Akushin na maɗaci ne, na ƙone bayansa da ƙarfe ya yi baƙi, na shafe shi da man kaɗe yana ƙyalli. Wata tsohuwa ta ɗauka, ta juya, ta ƙwanƙwasa, ta kara a kunne kamar zai gaya mata wani asiri, ta shinshina, sannan ta ce wanda uwarta ta bar mata ya fi shi. Na ce, "Gaskiya ne, Iya, masu yin irinsa duk sun mutu, saura mu." Ta saya. Tun daga ranar har yau ban taɓa yin koshiya ko maburgi ko kujerar tsuguno da ta kai ta uwar wata ba. Malamai kuma su zo a yi musu allon aduwa mai santsi, su biya da addu'a mai tsawo. Na karɓi addu'ar da ta isa ta kai mutum goma Aljanna, sai dai ban taɓa jin an auna dawa da ita ba.

Muguwar shekara ta zo mana lokacin babban yaƙin Turawa. Ruwa ya ɗauke da wuri, abin da ya tsira kuma aka zo aka auna aka tafi da shi, wai na ma'aikata ne. Ana kwasar majiya ƙarfi ana kai su haƙar kuza a ƙasar Jos, abin da ake kira diban gwamna. A shekarar ne kaɗai na ga ana yi wa gurgu hassada. Ƙatti su zo su zauna a rumfata suna kallon ƙafafuna kamar wanda ya gaji dukiya. Har wani ya tambaye ni a ɓoye ko bishiyar da ta danne ni tana da 'yar'uwa. Ciniki kuwa ya mutu murus. Wa zai sayi muciya ba tuwo? Wa zai sayi akushi ya zuba me? Muka ci tafasa da rama har muka fara kama da su. Wata safiya Dije ta rasa makamashi, ta dubi tarin koshiyoyin da na yi rani guda ina yi, ta dube ni. Na kau da kai. Sun ci wuta da kyau, ba laifi, busasshen itace ne. Da yaƙi ya ƙare aka ce sauƙi ya zo, sai kantuna suka cika da kwanukan ƙarfe masu zanen furanni. Matan da suka ce akushina bai kai na iyayensu ba, sai ga shi kwanon ya kai.

To a wannan tsakanin ne aikin da nake so ku ji ya zo. Bazara ce, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa. Ina zaune sai na ga wani dogon mutum yana tahowa da sanduna biyu a hammata, da tsohuwar rigar soja, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe. A wuyansa ya ratayo wata ƙafa da igiya, da takalminta baƙi a jikinta. Ya yi sallama, muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da zafi, na tambayi hanya. Ya ce sunansa Mati, Kofur Mati, mutumin Ruwan Bago, daga yaƙin Bama ya dawo, can ƙetaren teku. Ya sauke ƙafar ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Malam Tanko, an ce kai ne mai sassaƙa. Ƙafa nake so."

Na ce, "Kofur, ka dube ni da kyau. Da ina yin ƙafa, kana ganin da kai zan fara?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna ya kwance wandon, ya nuna mini. A ƙasan gwiwa aka yanke, dungun ya warke. Ƙafar da aka ba shi a soja ta ƙarfe ce da fata, kyakkyawa ƙwarai, ta dace da wanda zai zauna a ofis ya ɗora ta kan ɗaya. Damina ɗaya ta yi a ƙauye, tsatsa ta cinye mahaɗin idon sawun, ta karye. Ya je Kano neman wata, aka ce sai an aiko daga ƙetare, ya dawo wata mai zuwa. Ya koma, aka ce wata mai zuwa. Abin da aka sallame shi da shi daga soja duk ya ƙare a jiran watan.

Ba tafiyar ce ta dame shi ba, gona ce. Yana can bakin daga mahaifinsa ya rasu, ƙanen mahaifin, Baffa Jibo, ya ci gaba da noma gonar. Da Mati ya dawo ya ce a ba shi, Baffa Jibo ya kai magana gaban dagaci. Ya ce shi ba ƙin ɗan ɗan'uwansa yake ba, tausayi ne, mai ƙafa ɗaya zai bar gona ta koma saura, haraji kuma ya hau kan dangi. Dagaci ya ce to, gona ta mai noma ce. In Mati ya shiga da garma ya yi huɗa da kansa a daminar nan, shi dagaci ya gani da idonsa, gona tasa ce. In bai iya ba, ta zauna inda take.

Na ce wa Kofur ban taɓa sassaƙa ƙafa ba. Ya ce shi ma bai taɓa rasa ƙafa ba sai da ya rasa.

Ta farko da ƙirya na yi. Tunanina ƙarfi ake nema, kuma ni shaida ne a kan ƙarfin ƙirya. Na ƙwaƙule samanta kamar ƙaramin turmi inda dungun zai zauna, baduku ya yi mata maɗauri. Kofur ya ɗaura, ya tashi, ya je bakin rijiya ya dawo, gumi har gwiwa.

Ya ce, "Malam Tanko, na ɗauki akwatin harsashi a kan duwatsun Bama. Wallahi na fi son akwatin."

Ta biyu na yi da ɗinya, mara nauyi, na sirantar da ƙasanta kamar taɓarya. Itacen bai gama bushewa ba, amma ruwan farko ya riga ya sauka, ba lokacin jira. Ya ɗaura ya yi fareti a gaban rumfata, hagu dama, hagu dama, mutanen kasuwa na tafi. Ya tafi gida da murna. Ba a yi mako ba sai ga shi a kan sandunansa, da ƙafar gida biyu a hannu. Ashe da ya shiga gona, ƙasa ta jiƙe, duk inda ya taka sai ta nutse. Yana tafe yana barin ramuka a jere. Baffa Jibo ya tsaya a bakin gona ya ce a bi shi da iri, ai Allah ya kawo musu sungumi mai tafiya da kansa. Mutane suka yi ta dariya. Da ya yunƙura ya zare ta daga laka, ta tsage, ya faɗi rubda ciki a gabansu. Dungun kuma ya saluɓe, yana jini.

Ya ajiye gutsattsarin a gabana. Dije ta kawo masa fura, ya sha. Can ya ce, "An gama shuka. Huɗa ta kusa. In ba za ta yiwu ba, gaya mini, in koma Kano in nemi gadi."

Na ce, "Ka zauna ciwon ya warke. Ka bar ni da itace."

Abin da ake bukata busasshiyar aduwa ce mai kauri, wadda ta shekara da shekaru tana shan rana. Ba ta da nauyin ƙirya, ba ta da ragwancin ɗinya. Amma ina za ka samu busasshen itace a tsakiyar damina? Na aika wurin masassaƙan Karaye, babu. Ina kwance rigingine ina tunani, sai idona ya sauka kan dirkar da ke riƙe da rumfata. Aduwa ce, tun zuwana Rogo aka kafa ta. Na kira maƙwabta na ce su cire.

Dije ta ce, "Malam, rumfar fa?"

Na ce, "Rumfa ba a ce ta yi huɗa ba."

Aka cire, gefe guda ya rufto. Daminar nan duka rabin jikina a ruwa na yi aiki. Ku rubuta wannan ma cikin hutun.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na gane laifin waɗancan biyun ba a itace kaɗai yake ba. Turmi na yi wa mutum, alhali dungu ba hatsi ba ne, yana da ƙashi a gaba, da tsoka a baya, da wurin da ba ya son a taɓa. Sai na riƙa shafa wa dungun baƙin tukunya, ya zura a ramin, ya danna, ya zare. Inda baƙin ya kama, nan ke matsa shi, in sa lanƙwasasshiyar wuƙa in kankare kaɗan. A sake shafawa, a sake zurawa. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki, mutum biyu a zaune, ƙafa ɗaya mai aiki a tsakaninmu. Wani lokaci sai in ga ya kai hannu yana sosa iska a ƙasan dungun. Ya ce tafin ƙafar da aka binne a Bama ne ke yi masa ƙaiƙayi. Na ce, "Ikon Allah. Kai kana jin wadda babu, ni ba na jin waɗanda ke akwai." Ranar ce na fara jin dariyarsa.

Na shimfiɗa fatar tunkiya mai gashi a cikin ramin. Ƙasan kuwa na bar shi da faɗi kamar tafin raƙumi, don kada ya nutse. Wani direban motar gyaɗa ya ba mu guntun tsohuwar taya, baduku ya yanka ya buga a ƙarƙashi. Ba ta da kyau ko kaɗan. In ka gan ta a jingine sai ka ce wani ne ya fara turmi ya fasa. Kofur ya ɗaura, bai yi fareti ba wannan karon. Ya taka a hankali ya tafi.

Ranar da dagaci ya sa, na ce sai na je. Ba don kowa ba, aikina nake son gani a cikin laka. Dije ta ɗora ni a jaka na kama hanyar Ruwan Bago. An kwana ana ruwa. Gonar tana hayin wani rafi, rafin kuma ya kawo, ruwa har cinya. Jakata ta zo bakin ruwa ta tsaya, ta ce iyakarta ke nan. Na buga, na lallasa, na zaga, ko gezau. A hayi ga dagaci a zaune a kan buzu, ga Baffa Jibo, ga rabin gari sun zo kallon faɗuwa ta biyu.

Sai na ga Kofur ya ajiye garma, ya gangaro, ya shigo ruwa, ya haye zuwa wurina. Ya juya baya ya durƙusa.

Ya ce, "Hau."

Na ce, "Kofur, ƙafar ta mutum ɗaya na yi."

"Hau, Malam Tanko. Oda ce."

Na hau. Muka shiga, ruwa na ja, ina jin itacen na neman wurin zama a cikin yashi. Da muka kai tsakiya ya tsaya, ya ce a hankali, "Tsakaninka da Allah, za ta ɗauke mu?"

Na ce, "Ni ma yanzu nake son in sani. Taka."

Ya taka. Ya sake takawa. Muka fita. Ya sauke ni a gindin wata ɗorawa, ya gaida dagaci, ya gaida baffansa har ƙasa, ya ɗauki garma ya shiga gero. Ya ja kunya ta farko har ƙarshen gona, ya juyo da ta biyu. Bai kai mai ƙafa biyu sauri ba, amma ƙasa na kifuwa yadda ake so. Yana cikin ta uku dagaci ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

Ya ce, "Jibo, ka ga abin da na gani."

Baffa Jibo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai da ƙafar aro ya yi."

Dagaci ya ce, "Kai da garmarka aka haife ka?"

Shi ke nan, magana ta ƙare. Mata suka rangaɗa guɗa, samarin da suka yi dariya rannan su ne suka fara rige-rigen karɓar garmar su taya shi. Da rana ta yi tsaka aka ɗunguma aka raka Kofur gida ta hanyar tudu, ana ta sa albarka, kowa na son ya taɓa ƙafar. Ni kuwa da na sassaƙa ƙafar, aka manta da ni a gindin ɗorawa. Jakata tana can ƙetaren rafi tana cin ciyawa hankalinta kwance. Haka aiki yake. In ya ɓaci kowa ya san sunanka, in ya yi kyau ba mai tuna da hannu aka yi shi.

Mutum ɗaya ne bai bi su ba. Baffa Jibo yana tsaye a bakin gona, hannuwa a baya, yana kallon kunyoyin. Ya daɗe a haka. Da ya juyo sai muka yi ido huɗu. Ya dubi hanya, ba kowa. Ya dubi sama, hadari na haɗuwa. Ya yi tsaki, ya tattare rigarsa, ya zo ya durƙusa a gabana.

Ya ce, "Hau, mugun gurgu."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa."

"Rufe mini baki."

Na rufe. Dattijo ne, amma bayansa na manomi ne. Muka shiga ruwa yana nishi. Sai da muka yi nisa ya yi magana, kuma ba da ni yake ba sosai.

Ya ce, "Huɗar yaron nan ta ubansa ce sak. Har 'yar karkacewar nan ta ƙarshen kunya."

Muka haye. Ya ɗora ni a kan jaka, ya gyara mini zama, ya miƙo mini igiya. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "In na ji a bakin wani cewa ni na goya ka, sai na ƙona abin da ya rage na rumfarka."

Na ce ba mai ji. Kuma ba wanda ya ji, sai yau da ƙasa ta daɗe da rufe idonsa. Allah ya jiƙansa. Goyonsa ya fi na Kofur daɗi, ba ya tangaɗi.